Wa Ya Goge Awon Rigachikun?

Unguwar Kanawa, Kaduna
Lahadi, 4 ga Mayu

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Inna ta ce na'urar jin da aka sayo maka tana can cikin durowa, wai ka ce ƙara take yi maka kamar injin niƙa. To shi ke nan, tunda in na kira ka a waya ba na jin komai sai "iye, iye", na koma wa takarda, wadda dama ka fi so. Yaya Rilwanu zai miƙo maka ita gobe in ya shigo Zariya. Mu nan lafiya lau. Abban Humaira yana gaishe ka, ita kuwa Humaira ta fara haƙori, ba abin da ya tsira daga bakinta.

Ka tambayi aikin da aka ɗauke ni in yi a kamfanin safiyon nan, ka ce Inna ta yi maka bayani ka ƙara rikicewa. Bari in faɗa maka da yarenka na tsohon ma'aikacin rajista. Mu goma sha huɗu ne a ofishin. Kafin zuwana kowa a kwamfutarsa yake ajiye aikinsa, in wani yana buƙata sai a zuba masa a filashi, har ta kai taswira ɗaya sai ka same ta iri uku, ba wanda ya san wacce ce ta gaskiya. Sai na kafa musu saba, wato babbar kwamfuta guda da duk sauran ke haɗe da ita. Kowa na ba shi sunansa na shiga da lambar sirrinsa. A cikinta na buɗe folda ɗaya ta kowa da kowa, ka ɗauke ta kamar kabad ɗin tsakiyar ofis. Kowa zai iya buɗewa ya duba, kowa zai iya ajiyewa, kuma duk abin da aka ajiye nan take sauran za su gan shi, ba sai an roƙi kowa ba. Amma gogewa, sai wanda ya ajiye fayil da hannunsa. Sannan sabar tana da rajistarta: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya taɓa. Na san wannan na ƙarshen zai yi maka daɗi.

Ka san wanda ya fara amfani da ita? Malam Alhassan, dattijon ofishin, shekararsa talatin da ɗaya yana awon ƙasa, saura wata takwas ya yi ritaya. Ya ce ya san ka tun kana sakatariya, wai ba ka taɓa ba shi fayil bai sa hannu ba, ko da kuwa ana kiran salla. Da yatsa ɗaya yake buga kwamfuta, amma cikin kwana biyu ya gane abin da masu digiri suka yi mako suna tambayata. Shi ke auna gonakin wata ƙungiyar manoma a Rigachikun, gona fiye da ɗari uku. Da sassafe yake fita, in ya dawo da yamma ya zuba awon ranar a foldar kafin ya tafi gida.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro raina a ɓace. Manajanmu, Injiniya Jamilu, mutum ne mai son tsaf-tsaf, ko biro aka bari a karkace a teburinsa sai ya miƙe shi. Ranar Laraba ya buɗe foldar, ya ga wani fayil na Malam Alhassan da bai yi masa ba, ya danna gogewa. Kwamfuta ta rubuto masa cewa ba shi da izini. Kuma a gaban mutum biyu. Baba, da ka ga yadda ya cika yana batsewa. Ya aika a kira masa "yarinyar kwamfuta", alhali shi ya sa hannu a takardar ɗaukata, ya san sunana sarai. Ya ce a ofishin da yake shugabanta, wani inji zai gaya masa ba shi da izini? Na yi masa bayani cikin ladabi cewa ba shi kaɗai ba ne, tsarin kowa ya hau, kuma masu kamfanin sun gani sun amince. Ya ce ba bayani ya tambaye ni ba, in buɗe masa ya riƙa goge abin da ya ga dama. Na ce ba matsala, ya rubuta mini layi biyu ya sa hannu, in ajiye a fayil.

Ya yi mini wani kallo kamar na watsa masa ruwan wanke-wanke. Har yau bai rubuta ba, kuma ya daina amsa gaisuwata. Don Allah ka gaya mini, ina rashin kunya a neman sa hannu? In abin da yake so daidai ne, me zai hana ya rubuta? Ni kam ban ga laifina ba, kuma in akwai, a wurinka na gaje shi.

A gaishe mini da Inna, a ce mata kukar da ta aiko ta kusa ƙarewa.

'Yarka,
Lubna

Unguwar Kanawa, Kaduna
Asabar, 17 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da Inna, da fatan ruwan nan bai sake shigo muku ta rufin zaure ba. Na sami amsarka, na yi dariya inda ka ce kai ma an taɓa kiranka mai taurin kai a kan littafin sa hannu. Amma yau ba dariya a bakina. Malam Alhassan yana gida, an dakatar da shi daga aiki, kuma da bakina aka yi.

Jiya Juma'a shugabannin ƙungiyar manoman suka zo ganin inda aka kwana. Aka zaunar da su, aka kawo lemo, manaja ya buɗe foldar Rigachikun a gabansu. Wayam. Duk awon da Malam Alhassan ya kwaso tun watan Janairu babu ko ɗaya. Allah ya taimake ni ina kwafe komai duk yammacin Juma'a in ajiye daban, don haka na dawo da na baya. Amma abin da aka zuba daga Asabar zuwa Laraba ya tafi, gona arba'in da ɗaya, kuma na'urar awon ba ta riƙe tsohon aiki in an zuba. Ga shi ruwa ya sauka, mutane sun yi shuka, sai an sake bin gonakin nan ana tattaka musu. Manoman suka tashi ko lemon ba su sha ba.

Masu kamfanin suka bugo waya suna faɗa, suka ce a nemo wanda ya yi. Manaja ya tara mu duka, ya juyo ya ce mini ba na ce injina yana rubuta komai ba, to in duba. Baba, a nan na yi wauta, kuma sai na faɗa maka ita ko zan ji sanyi. Daɗi na ji. Na ce yau za a ga amfanin aikin da ake rainawa. Na buɗe rajistar a gaban kowa, na karanta da ƙarfi tun kafin idona ya gaya wa kaina abin da nake karantawa. Sunan Malam Alhassan ne.

Shi ma yana cikin ɗakin. Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Manaja ya girgiza kai, ya ce abin tausayi ne, tsufa ba ya haɗuwa da kayan zamani. A nan take ya ce masa ya zauna a gida har ranar Talata ashirin da bakwai ga wata, ranar da kwamiti zai zauna a kan maganarsa.

Da kowa ya watse na koma na karanta rajistar a nutse, yadda ya kamata in yi tun farko. Ba suna da lokaci kawai take rubutawa ba, har da lambar kwamfutar da aka zauna a kai, don kowacce da tata. An yi gogewar ranar Alhamis, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe. A wannan lokaci Malam Alhassan yana tsakiyar gona a Rigachikun, direban kamfanin da ya kai shi shaida ne, kuma ranar bai samu dawowa ofis ba. Kwamfutar kuwa ta ofishin manaja ce, ofishin da ke kulle in ba ya nan.

Yau da safe na sa Abban Humaira ya kai ni Rigasa, gidan Malam Alhassan. Na same shi a ƙofar gida yana gyara keken ɗinkin matarsa. Da ƙyar ya faɗa mini. Ashe washegarin ranar da na nemi manaja ya rubuta, sai ya kira dattijon nan ofis, ya ce ya ara masa lambar sirrinsa zai ɗan duba wani abu. Shi kuwa ya rubuta masa a 'yar takarda. Na ce to ai shi ke nan, ranar kwamiti sai ya faɗi haka. Sai ya fara roƙona wai in bar maganar. Wai mahaifin Injiniya Jamilu ne ya koya masa awo, a hannunsa ya fara riƙe tef, shi kansa Jamilun ya sha ɗaukarsa a kafaɗa yana yaro. Wai ba zai iya tsayawa gaban mutane ya kunyata ɗan maigidansa ba.

Na rasa da wa zan fi jin haushi. Mutum ya san shi ya yi ɓarna, yana tsaye aka karanta sunan wanda ya goya shi, ko gezau bai yi ba, har da tausaya masa. Shi kuma wanda aka shafa wa kashin kaji yana roƙon a rufa wa mai shafawar asiri. Tun da muka baro Rigasa nake masifa a mota har muka iso Kawo, sai da Abban Humaira ya tuna mini ba shi ya goge ba.

Baba, me zan yi? Dattijo ya roƙe ni, kuma ka san nauyin wannan. Amma in na yi shiru za a kore shi da sunan wanda ya ɓata aiki, saura wata takwas ya fita da mutuncinsa. Ka rubuto mini da wuri, Yaya Rilwanu zai dawo ranar Talata.

Ina gaida Inna. Ku sa mu a addu'a.

'Yarka,
Lubna

Unguwar Kanawa, Kaduna
Talata, 27 ga Mayu

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ya jikin Inna da murar? Humaira ma ta yi tata ta warke. Na gode da amsarka. Na karanta inda ka ce rajista ba tawa ba ce, ba ta Malam Alhassan ba ce, ba a yanke mata gefe don kowa, a kai ta yadda take. Haka na yi. Yanzu na dawo daga zaman kwamitin, ko mayafi ban cire ba.

Jiya manaja ya tuna da sunana. Ya leƙo ɗakin saba yana murmushi, har da tambayar lafiyar yarinya, ya ce in buga wa kwamiti rajistar, amma suna da lokaci sun isa, sauran lambobin rikita dattawa za su yi. Na ce to. Na buga ta duka, kwafi biyar.

Mutum uku ne a kwamitin, masu kamfanin su biyu, wa da ƙani, da Hajiya Talatu mai kula da harkar ma'aikata. Na raba musu takardun, na nuna musu layin, na nuna lambar kwamfutar, na ce a kira direba in ana so. Babban mai kamfanin ya sauke tabarau ya dubi manaja. Na ce a raina alhamdulillahi, an gama.

Ashe ban san mutane ba. Ko musu bai yi ba. Ya ce e, shi ne, baƙi za su zo, ya ga foldar cike da fayil-fayil marasa suna sai lambobi, ya ɗauka tarkace ne, ya share don a ga ofis a kintse. Lambobin nan fa su ne awon, haka na'urar ke fitar da su, wanda ya yi wata ɗaya a aikin safiyo ya san haka. Aka tambaye shi me ya sa bai faɗa ba ranar Juma'ar. Ya ce bai tabbata ba ne ko abin da ya share shi ne ya ɓata. Daga nan borin kunya ya tashi, ya ce duk wannan ya faru ne don an kawo tsarin da ke hana shugaba aikinsa. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihu, ya ce a bi doka.

Baba, takardata ce. Ban taɓa ba ka labarinta ba don ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ranar da na raba lambobin sirri na rubuta wasu ƙa'idoji na sa kowa ya sa hannu. Ta ukunsu ta ce duk wanda ya ba wani lambarsa, abin da aka yi da sunansa shi ya yi, kuma kamfani na iya sallamarsa. Ni na ƙara maganar sallamar da kaina, don in tsorata masu liƙa lambarsu a jikin kwamfuta. Manaja ya karanta ta da ƙarfi, a hankali, har da sunana a ƙasa. Ya ce a nuna masa inda aka ce laifi ne a tambaya. Babu. Na rubuta hukuncin mai bayarwa, ban rubuta na mai karɓa ba, don bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa babba zai kira na ƙasa da shi ya ce kawo.

Hajiya Talatu ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ta juya wurin Malam Alhassan ta tambaye shi ko tilasta masa aka yi. Ƙofa ce ta buɗe masa, kowa ya gane. Na zuba masa ido ina roƙonsa a zuci. Ya dubi manaja, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba wanda ya tilasta ni, Hajiya. Da hannuna na rubuta masa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce in manajanka ya kira ka ofis ya miƙa hannu, ai ba sai ya ɗauko bulala ba. Na ce ni na rubuta ƙa'idar nan, kuma ba don wannan na rubuta ta ba. Ƙaramin mai kamfanin ya ce in zauna, an kira ni ne in kawo rajista, na kawo, an gode. Suka ce za su sanar da hukunci ranar Juma'a.

Abin da na fahimta a fuskokinsu shi ne sun yi wa manoma alkawarin za a hukunta wani, kuma sauke manaja aiki ne babba, sallamar dattijon da ya kusa tafiya kuwa ba wuya. Allah ya sa na karanta ba daidai ba. Raina yana ƙuna, har ba na son ganin ɗakin sabar nan.

A gaida Inna da kyau.

'Yarka,
Lubna

Unguwar Kanawa, Kaduna
Juma'a, 30 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai zuciya.

Sun sallame shi. Takardar ta ce saboda karya ƙa'ida ta uku. Manaja kuwa an ja masa kunne da baki, a ofis, ƙofa a rufe, ya fito yana gyara hula ya tafi masallaci. An kuma aiko mini da umarni, wannan karon a rubuce da sa hannu, cewa daga yau in ba shi izinin goge duk abin da ya so, tunda rashinsa ne ya jawo matsala. A ƙasa aka ƙara cewa in rufe sunan Malam Alhassan a saba kafin a tashi aiki.

Shi kuwa ya zo karɓar takardarsa, don haka na yi niyyar in bari sai ya tafi. Sai ga shi bayan an sauko Juma'a, da jakarsa a rataye, ya yi sallama a ƙofar ɗakina. Na zaci faɗa ya zo yi mini, kuma wallahi da na fi son haka. Ashe ya tuna ne cewa duk fayil ɗin Rigachikun da sunansa suke, in aka rufe shi haka aikin zai zama ba mai shi. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce mu raba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan a mayar wa Hassana don ita ta san yankin bakin rafi, wancan a ba Abubakar amma a gaya masa iyakar gonar marayun nan akwai gardama, kada ya yarda da abin da maƙwabcin zai nuna masa. Gonaki arba'in da ɗayan da suka ɓata ma ya rubuto sunayen masu su daga ka, da hanyar da za a bi ba a taka shuka ba. Awa biyu muka yi, ni ina cire sunansa daga aikinsa, shi yana gaya mini wanda zan sa.

Da muka gama na kasa daurewa. Na ce masa ya yafe mini, ni na karanta sunansa, ni na rubuta takardar da aka kore shi da ita. Sannan haushi ya ƙwace mini, na tambaye shi don me bai ce an tilasta shi ba, kalma ɗaya ce fa. Sai ya ce, "'Yata, ke kin koya wa injinki ya ce wa babba a'a. Ni shekara talatin da ɗaya ba wanda ya koya mini, kuma da na iya, da ban kai haka a aiki ba."

Ya ce in rufe a gabansa, ya ga an yi daidai. Na rufe. Ya sa yatsansa ɗaya ya gwada shiga, kwamfutar ta ce ba ta san wannan suna ba. Ya gyaɗa kai ya ce aiki ya yi kyau, ya ce in gaishe ka, ya ɗauki jakarsa. Ba wanda ya raka shi bakin titi sai ni da direba.

Baba, ka rubuta masa, don Allah. Kai zai saurare ka, kuma ni na kasa haɗa ido da shi. Ka ba Yaya Rilwanu takardar, ni zan kai ta Rigasa da kaina.

Ina gaida Inna. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Lubna